Yadda za ka sarrafa halinka idan ka samu aiki a Saudiyya

Lokacin gwajin sabon ma'aikaci a dokar ƙwadago ta Saudiyya yakan kai kwana 90, kuma ba ya wuce 180. A cikin kwanakin nan mai aiki zai iya sallamarka ba tare da diyya ba, kuma abin da ya fi sa wa ido shi ne yadda kake karɓar gyara, da zuwa a kan lokaci, da zamanka da abokan aiki 'yan Indiya, Masar ko Filifin.

Mu fara da matsalar kawaici, domin shi ya fi cutar da mutanenmu. A gida abin yabo ne, amma a wurin aiki a can ana ɗaukar shirunka a matsayin amincewa. Albashi ya makara wata guda ka yi shiru, na biyu ma haka, kafin ka farga bashin ya zama na wata huɗu ba ka da wata shaida. Don haka duk magana a kan kuɗi, hutu ko ƙarin sa'o'i ka yi ta a rubuce, cikin ladabi, ka adana saƙon. Duba kwantiraginka a manhajar Qiwa kafin ka danna amincewa, masu aikin gida kuwa nasu yana Musaned. Idan kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ya ce ka kawo fasfo ya ajiye maka, kunya kada ta sa ka miƙa, doka ta hana shi riƙewa. Sa'o'in aikin kamfani takwas ne a rana ko 48 a mako, a watan azumi kuma shida ga Musulmi.

Mai zafin rai kuma matsalarsa ƙafa. Ran da aka ɓata masa rai sai ya haɗa jakarsa ya koma wajen abokai a Jidda. Da zarar an shigar da rahoton hurub, wato ya gudu daga aiki, iƙamarsa (takardar izinin zama) ta shiga matsala, ƙarshenta sau da yawa tarhil ne, wato a kore shi daga ƙasar. Idan ka san kana da saurin fushi, ɗaura wa kanka ƙa'ida: ba martani sai ka kwana, ba barin wurin aiki sai ka shigar da ƙorafi a ma'aikatar ƙwadago, inda ake fara sulhu kafin a je kotu. Idan akwai duka ko barazana ga rai, nan ba maganar jira, nemi 'yan sanda da ofishin jakadancin ƙasarka.

Larabcin Islamiyya zai taimaka, amma na kasuwa daban ne. Mai son tambaya da ba ya jin nauyin a yi masa dariya shi ke riga kowa kama shi. Riƙe kalma biyar a rana daga bakin abokan aiki.

Sai mai sakin hannu, wanda ba ya iya cewa a'a ga 'yan uwa. Tun watan farko ka yanke adadin riyal da za ka riƙa turawa gida, ka sanar da su, ragowar kuma ka ware kuɗin da zai riƙe ka aƙalla wata uku idan aikin ya tsaya.