Yadda ake fitar da lambobi daga 4 guda huɗu

A ba ka 4 har guda huɗu, a ce ka fitar da wata lamba da su, ba ƙari ba ragi. Wasan ke nan. Tun 1881 aka buga shi a wata mujalla a Landan, kuma har yau zai iya cinye maka tafiyar jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ba ka ankara ba. Biro da guntun takarda sun isa.

Ku fara yanke doka, in ba haka ba musu za ku yi ta yi. An yarda da tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa, da kuma sa baka, wato alamar ( ). Ni ina ganin a yarda a jera biyu su zama 44 tun farko, don sai da shi ake samun 10 a matakin nan: (44 − 4) ÷ 4.

Kada ka yi ta cinke. Zauna ka rubuta abin da 4 guda biyu suke haifarwa: 4 − 4 sifili, 4 ÷ 4 ɗaya, 4 + 4 takwas, 4 × 4 sha shida, sai 44. Waɗannan su ne jarinka. Daga nan ka dubi lambar da ake nema, ka lallaɓo ta baya. Ana son 7? Takwas ne ba ɗaya, kuma duka biyun suna hannunka: 4 + 4 − 4 ÷ 4. Ana son 15, sha shida ne ba ɗaya. Ita kuwa 4 kanta ta fi ba mutane haushi, saboda akwai guda uku da dole ka kashe. Mayar da su sifili: 4 + 4 × (4 − 4).

A kula da baka sosai. 4 + 4 + 4 ÷ 4 tara ne, domin rabawa ake fara yi. Ka kewaye ukun farko da baka, amsar ta koma 3. Yaran da ke shirin jarrabawar shiga sakandare a nan suke yawan zubar da maki, kuma wasan ya fi haddar BODMAS (dokar abin da ake fara yi a lissafi) gyara musu hannu.

A 11 za ka cije. Sai a buɗe sababbin ƙofofi biyu. Alamar √4 tana ba da 2, wato lambar da in ta ninka kanta za a samu 4. Alamar 4! kuma tana nufin 4 × 3 × 2 × 1, ashirin da huɗu. Yanzu 4 ɗaya tal tana iya zama 2, 4 ko 24. Sha ɗaya ta zama 44 ÷ (√4 + √4), sha tara 4! − 4 − 4 ÷ 4, ɗari kuwa 4 × (4! + 4 ÷ 4). Kada ka tsokano 73 ko 113 a ranar farko, sun sha kayar da gwanaye.

Ga ƙananan yara, canza lambar. Ce musu su tara 8 guda takwas su ba ka 1000. In sun gaji, nuna musu ƙarshen lambar: sai an tara lambobi biyar masu ƙarewa da 8 kafin a samu sifili a ƙarshe, tunda 8 sau 5 arba'in ne. Saura su raba takwas ɗin gida biyar: 888 + 88 + 8 + 8 + 8.