Kurakuran da ke kashe tsohon alƙalamin tawada a hannun mai gyara

Alƙalami mai shan tawada da aka ƙera a shekarun 1940 yana iya yin shekara saba'in a cikin akwati lafiya lau, sannan ya lalace a ranar da ya faɗa hannun wanda ke ɗokin ganin ya yi rubutu. Yawancin ɓarnar da ake gani a jikin tsofaffin alƙaluman kamfanonin Parker da Sheaffer da Esterbrook daga gaggawa da ƙarfin hannu take fitowa.

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne ɗan ƙarfen nan na gefe da ake ɗagawa a zuƙi tawada, dabarar da Walter Sheaffer ya yi wa rajista a Amurka a 1908. Ƙarfen yana matse wata 'yar jakar roba ce a ciki. Bayan shekaru masu yawa robar ta bushe ta ƙandare, don haka idan ka ɗaga da ƙarfi, ko ƙarfen ya lanƙwashe ko gangar jikin ta tsage. Da ka ji ya ƙi tashi, ka sake shi. Sai an buɗe alƙalamin an sauya robar.

Wajen buɗewar ne aka fi yin asara. Wuyan alƙalami, wato inda yatsu ke riƙewa, sau da yawa an liƙe shi da shalak, wani irin ƙaro da ke saki idan ya ji ɗumi kamar maki 60 a ma'aunin Salshiyas. Mutum sai ya kama shi da filaya a sanyinsa ya murɗa, ka ji ƙas, bakin gangar ya dare, kuma wannan tsagar ba ta gyaruwa yadda za ta koma daidai. Ka hura masa iskar na'urar busar da gashi kana jujjuya shi, kana taɓawa a bayan hannunka; in ya fi ƙarfin fatarka, ya fi ƙarfin alƙalamin. Ka naɗe wuyan da yankin robar tiyub don ya kamu, ka gwada a hankali, in ya ƙi ka ajiye har gobe. Kafin nan ka san irin wanda ke hannunka: wuyan Esterbrook J zarewa ake yi, na Parker Vacumatic kuwa kwancewa ake yi don yana da zare irin na noti. Kada ka kusantar da shi ga kyandir ko ashana, domin da yawansu da seluloyid, wani irin filastik, aka yi su, shi kuwa kamawa da wuta yake yi nan take.

Jiƙa alƙalami dungurungum a ruwa ma kuskure ne. Na baƙar roba mai tauri, irin na shekarun 1910 da 1920, launinsa yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa ko kore-kore idan ya daɗe a ruwa ko a rana. Wasu na kamfanin Conway Stewart na Ingila da sinadarin madara aka yi su, ruwa yana kumbura su. Baki da wuya kaɗai za ka tsoma, a ruwa mai sanyi. Sifirit da fetur kada su taɓa shi.

Sabuwar roba da shalak ake liƙa ta. Wanda ya sa sufa gulu ya rufe ƙofa ga duk wanda zai gyara alƙalamin bayansa, alhali robar nan za ta sake mutuwa wata rana. Girmanta ma da lamba: Esterbrook J lamba 16 yake ɗauka, kuma gara ta ɗan yi sako-sako da ta cika ciki. A barbaɗa mata hodar talk marar ƙamshi don ta zame. Basilin yana cin roba. Inda ake buƙatar maiƙo, man silikon ake sawa. Parker 51 na 1948 zuwa gaba kuwa, masu jakar da ake matsawa da yatsa, galibi jakarsu tana nan da ranta, wanki kawai take so.

Sai batun tawada, inda mu ya fi shafarmu. Tawadar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro tana da kyau a alƙalamin kara, wanda ake tsomawa a rubuta, a fiƙe shi in ya dakushe. Alƙalamin zamani kuwa yana da 'yar magudana a ƙarƙashin bakinsa, siririya kamar silin gashi, ta nan tawada ke sauka iska na shiga. Ƙaro yana bushewa a cikinta ya toshe ta, garin gawayin ya ƙara danƙarewa. Haka tawadar zane da ta hatimi. Ka nemi wadda aka yi don irin wannan alƙalami, kamar Quink ta Parker, wadda ke kasuwa tun 1931, ko ta Waterman, ko Pelikan 4001. In za ka sauya launi, ka yi ta zuƙar ruwa kana fesarwa har ya fito fari.

Hannun da ya saba da biro yana danna takarda. Bakin zinare ba ya son haka: ƙwayar da ke tsininsa tana iya ɓallewa, ko harsunansa biyu su buɗe su ƙi komawa. Idan yana ƙarzar takarda, kada ka ɗauko sanfefa. Ka duba da gilashin ƙara girma, za ka tarar harshe ɗaya ya ɗan fi ɗayan tashi, sai ka daidaita shi da farce. Kada kuma ka yi ta goge gangar don ta yi sheƙi har rubutun kamfani ya shafe, don a nan Parker kan buga lambar shekarar ƙira.

A lokacin bazara kada ka bar shi a cikin mota. Iskar da ke cikin jakar tana faɗaɗa da zafi ta turo tawada cikin murfi. A aljihu bakinsa ya kalli sama, in kuma zai yi makonni ba a rubutu da shi, ka juye tawadar ka wanke shi kafin ka ajiye.