Darasi na Tara: Allon da Ake Ganewa Daga Nesa

A Garwa ko Marwa, can arewacin Kamaru, mutum yana kan mashin zai gane rumfar tura kuɗi tun bai kai ga karanta rubutunta ba: ruwan ɗorawa ta MTN ce, ruwan lemo ta Orange. Kantin magani kuwa koriyar alamar kuros ke nuna shi. Launi da zane suna riga harafi isa ido. Da su za mu yi aiki yau, ko allon shago za ku rubuta, ko sanarwar taro, ko hoton da za a tura ta WhatsApp.

Kafin ku ɗauki fenti, ku tsai da abu ɗaya da kuke so a sani. Mai kilishi ya rubuta KILISHI da manyan baƙaƙe a sama, farashi a ƙarƙashinsa, lambar waya a ƙasa. Jerin sauran kayan shagon ya jira mai saye ya shigo. A bar fili tsakanin layi da layi, domin rubutun da ya cushe ba mai tsayawa ya warware shi.

Farashi yana son kula sosai. A baki muna lissafi da dala, kowace dala sefa 5 ce. Idan kilishin na dala ɗari ne, ku rubuta 500 F, wato sefa 500, kamar yadda yake a jikin kuɗin. Kuka rubuta 100, baƙo zai miƙo sefa 100, sai gardama ta tashi a bakin shago, alhali kowa da gaskiyarsa.

Kasuwanninmu ba harshe ɗaya suke ji ba. Wani Fulatanci, wani Faransanci, wani Larabci, wani kuma ajami kaɗai yake karantawa. Nan zane ke taimako. Ku dubi takardun da ake liƙawa a asibiti lokacin kwalara: hannu biyu, sabulu, ruwa. Ko tsohuwar da ba ta shiga aji ba ta san abin da ake nufi. In za ku haɗa boko da ajami, kowanne ya samu layinsa, tunda ajami daga dama yake farawa.

Baƙin rubutu a kan fari ko ruwan ɗorawa ya fi fitowa, musamman da ƙurar hunturu. Ku guji ja a kan kore; akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya rarrabe su.

Aiki: Ku ɗauki kwali ku rubuta sanarwar taron ƙungiyarku, da rana da lokaci da wuri, da zane ɗaya. Ku jingina shi a bango, abokin karatunku ya ja da baya taku ashirin ya karanta da ƙarfi. Duk inda ya yi tuntuɓe, ku ƙara girman harafin ko ku rage kalmomi, ku kawo aji mako mai zuwa.