Kafin ka sayo tsohuwar bindigar farauta daga Faransa

'Yan uwa mafarauta na Tawa, takarda ce farko. Kada ka biya ko dala sai izinin shigowa da na riƙewa daga ma'aikatar cikin gida sun zo hannu, lambar bindigar kuma ta dace da ta takarda, in ba haka ba a duwan za ta tsaya.

Mai baki biyu ƙirar garin Saint-Étienne na Faransa, irin su Robust ta kamfanin Manufrance, duba hatimin da ke ƙarƙashin bututu don ka san tsawon ɗakin harsashi, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu. Da yawa ɗakin harsashinsu milimita 65 ne, harsasan yanzu kuwa galibi 70 ne. In ka harba 70 a 65, matsi na ƙaruwa, tsohon ƙarfe na iya tsagewa. Mai zanen murɗaɗɗen ƙarfe a bututu kuwa galibi ta baƙin albarushi irin na da ce, a rataye ta kawai.

Tsatsa: a tabbatar ba harsashi a ciki, a jiƙa da mai, a goga da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, a hankali. Sanfefa na cinye baƙin launin ƙarfen da lambobi. Ƙota tana son dafaffen man lin (huile de lin, man shafa wa katako), shafi siriri, a bar kwana guda tsakani, don hunturunmu na tsaga katako. Ramukan tsatsa a cikin bututu, sai gwani ya auna kaurinsa kafin harbin farko.