Yadda Ake Saƙa Sulke da Adana Shi

Sulke riga ce ta zobban ƙarfe da aka sarƙa da juna, kuma ƙarfinta duka yana wajen haɗin kowane zobe. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji ɗan Yaji (ya yi mulki 1390 zuwa 1410) ne ya fara shigo da sulke da lifidi da kwalkwali cikin yaƙin Hausa. Yawancin sulken ƙasar Hausa ta hanyar Sahara ya zo, daga Masar da Arewacin Afirka, maƙeran gida kuma su yi gyara.

Aikin daga waya yake farawa. Maƙeri zai ja siririn ƙarfe ta cikin farantin ƙarfe mai huda, daga babbar huda zuwa ƙarama, har kaurinsa ya dawo wajen milimita ɗaya da rabi. Jan nan yana taurara ƙarfe, don haka ake mayar da shi wuta ya yi ja, a bar shi ya huce a hankali. Wanda ya tsallake wannan zai ga zobbansa suna tsagewa a ƙarƙashin masaba. Sai a naɗa wayar a jikin sanda mai kaurin milimita 6 zuwa 10, a yanka ta zobe-zobe.

Nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Ana ɗora bakin zobe ɗaya kan ɗaya, a daddale su, a huda, a cusa 'yar ƙusa a dandaƙe kanta. Zoben da aka matse bakinsa kawai babu ƙusa ya yi kyau a hawan sallah, amma tsinin mashi yana taɓa shi zai buɗe. Kowane zobe yana riƙe huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Don rage wahala akan sa jeri ɗaya na zobba rufaffu da aka fafe daga faranti, jeri na biye masu ƙusa. Riga guda takan ci zobe dubu 20 zuwa 30, nauyinta wajen kilo 10. Hammata ta fi ko'ina wuya, domin a can saƙar hannu da ta jiki suke haɗuwa a gicciye.

Ba a sa sulke a fatar jiki. Yana tare kaifin takobi, amma dukan kulki wucewa yake ya karya ƙashi, shi ya sa ake fara sa riga mai kauri a ciki. A kuma ɗaure ƙugu tamau, kada kafaɗa ta ɗauki nauyin ita kaɗai.

Babban abokin gabansa tsatsa ce, gumi kuma shi ke kawo ta. A Turai a zamanin da, cikin ganga ake jefa shi da yashi a yi ta mirginawa har ya yi fes, sannan a shafe shi da mai a rataye inda babu laima.