Ƙwallon Lahadi da Kuɗin Kare Muhalli: Yadda Ake Neman Tallafin

Duk garin da 'yan'uwanmu suka taru a Turai, ba a daɗewa sai ka ga ƙungiyar ƙwallon Lahadi ta tsiro. Mutum goma sha biyar ko ashirin, a haɗu a filin unguwa, a buga, a watse. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne akwai kuɗin tallafi ga ƙungiyoyin wasa da ke son haɗa wasansu da aikin kare muhalli: dasa itatuwa a gefen fili, kwashe shara a bakin kogin da ake tuƙa kwale-kwale, kafa wa tsuntsaye akwatunan sheƙa, ko barin wani yanki na ciyawa ya yi fure saboda ƙudan zuma. Sai da na shekara uku a Jamus kafin labarin ya zo kunnena, kuma har yau ina takaicin shekarun nan da suka wuce a banza.

Ba alfarma ake yi wa kowa ba. Manyan hukumomi ne suka lura cewa wasanni na cin fili da ruwa, kuma suna tara jama'ar da mai wa'azin muhalli ba zai taɓa iya tarawa ba. A Disambar 2022, a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan halittu da aka yi a Montreal, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da kwamitin wasannin Olamfik na duniya da wasu abokan aikinsu suka ƙaddamar da tsarin Sports for Nature, wanda ke jawo ƙungiyoyin wasa cikin aikin kare muhalli. A 2024 hukumar Sport England, mai kula da tallafin wasanni a Ingila, ta sanar da ware fam miliyan 45 don wannan fanni a Ingila. Kuɗin na nan, masu nemansa ake jira.

Amma ba a ba mutum a hannunsa, komai kirkinsa. Ƙungiya ake ba, mai takarda da asusun banki da sunanta. A nan yawancin ƙungiyoyinmu suke faɗuwa, domin kuɗin karo-karonmu a aljihun kyaftin yake zama, tsarin mulkinmu kuwa a baki yake. A Jamus sai kun kai mutum bakwai, kun rubuta tsarin mulki, kun yi rajista a kotun yanki, sannan sunanku ya samu haruffan e.V. a ƙarshe. Bayan haka ofishin haraji ya tabbatar cewa don amfanin jama'a kuke aiki ba don riba ba, wato abin da suke kira Gemeinnützigkeit. Ku riƙe wannan kalma da kyau, kusan kowane fom zai tambaye ku ita. A Faransa mutum biyu sun isa su kafa ƙungiya bisa dokar 1901, sai dai za a nemi lambar SIRET, wato lambar rajistar da hukuma ke ba ƙungiya, kafin a ba ku kuɗin gwamnati. A Ingila, shirin Awards for All yana bayar da daga fam 300 zuwa fam 20,000, yana kuma neman rubutaccen tsarin mulki da aƙalla mutum biyu a kwamiti waɗanda ba dangin juna ba ne. Wannan shirin daga kuɗin cacar ƙasa ake ɗaukar nauyinsa, haka ma wasu a Jamus, don haka wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hakan ba ya tambayi tushen kuɗin tun farko, ya nufi na ƙaramar hukuma ko na gidauniya.

Ni dai shawarata ga sabon zuwa, kada ku fara da kafa taku. Ku shiga ƙarƙashin wani kulob da ya daɗe a garin. Akwai kulob kusan 86,000 a ƙarƙashin DOSB, uwar ƙungiyoyin wasanni ta Jamus, kuma da yawansu dattawa ne ke riƙe da su, suna neman matasa masu jini a jika ido rufe. Su suna da rajista da ma'aji da sanin hanya, ku kuna da hannuwa ashirin a ranar Asabar. Haka muka yi, kuma ma'ajin kulob ɗin, wani dattijo mai ritaya, shi ya zauna da ni a ɗakin canza kaya, da jan biro a hannunsa, yana bin takardata layi-layi.

Abin da ya fara sokewa shi ne jimlar da na fi alfahari da ita, inda na ce za mu wayar da kan al'umma kan sauyin yanayi. Ya ɗago tabarau ya tambaye ni: itace nawa, a ina, wa zai ba su ruwa a watan Yuli? Wannan tambayar ita ce dukan sirrin neman tallafi. Mai karanta takardarku yana da tari a gabansa, abin da zai iya ƙirgawa yake nema. Ku ce shinge mai tsawon mita kaza a bayan raga ta arewa, da irin itatuwan da asalinsu na ƙasar ne, yara kaza za su yi dashen, wane ne zai kula da su shekara biyu. Ku haɗa da hoton wurin yadda yake yanzu. Idan filin na ƙaramar hukuma ne, kamar yadda yawancinsu suke, ku karɓo izininta a rubuce kafin ku aika da komai. Kuma ku jawo wata ƙungiyar muhalli ta garin, irin su NABU ko BUND a Jamus, ta duba shirin. Su za su gaya muku, misali, cewa dokar ƙasar ta hana sare shinge daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba saboda tsuntsaye na ƙyanƙyasa, don haka jadawalin da ya sa share wuri a watan Mayu ya mutu tun kafin a karanta shi.

Ga inda na ƙone hannuna, kuma ina roƙonku kada ku maimaita. Mun aika da takarda, aka ce mana a waya abin na tafiya daidai, sai zumuɗi ya ɗebe ni na je na sayo shebur da baro da wasu daga cikin dashen da kuɗina, da nufin a biya ni daga baya. Da wasiƙar amincewa ta zo, aka duba ranar da ke kan rasit aka ga ta riga ranar wasiƙar. Ko sisi ba a mayar mini ba. A ƙa'idarsu, aikin da aka fara kafin a amince ya nuna ba ya buƙatar tallafi. Ba wanda ya cuce ni, a rubuce yake a shafin da ban karanta ba. Ku jira takarda mai sa hannu.

Ku kuma sani sau da yawa ba a biyan kuɗin aikin duka, ana so ƙungiya ta kawo nata kason. Wasu masu bayarwa na yarda a lissafa awoyin aikin sa-kai a matsayin kason, don haka ku tambaya, ku kuma ajiye takardar da kowa zai sa hannu duk ranar aiki. Kowane rasit a saka shi a fayil ɗaya a ranar da aka karɓo shi, domin a ƙarshe sai kun nuna inda kowane yuro ya shiga, abin da ya rage kuma a mayar.

Za ku ji ana maganar Erasmus+, shirin Tarayyar Turai mai ba ƙananan haɗin gwiwa na wasanni yuro 30,000 ko 60,000. Gaskiya ne, amma yana buƙatar ƙungiyoyi daga ƙasashe biyu aƙalla da aikin takarda mai nauyi. Ku bar shi sai kun gama ƙaramin aiki ɗaya kun rufe lissafinsa lafiya.

Idan harshen bai zauna muku ba tukuna, kada ya hana ku buga waya. Kusan kowace sanarwar tallafi na ɗauke da lambar jami'in da aikinsa ke nan ya amsa tambaya. Ku rubuta tambayoyinku uku a takarda, ku sa wanda ya fi ku harshen ya zauna kusa, ku kira makonni kafin ranar rufewa, ku fara da tambayar ko aiki irin naku ya shiga cikin abin da suke tallafawa a bana.