Darasi na 9: Ƙasa Ma Tana da Rubutu

Kun iya karanta baƙi a takarda. Yau za mu koyi karanta ƙasa, domin duk abin da ɗan Adam ya yi mata, sai ya bar shaida a jikinta.

Tsakanin Kazakistan da Uzbekistan akwai wani tafki, Tekun Aral. A 1960 shi ne na huɗu a girma cikin tafkunan duniya. Koguna biyu ke ba shi ruwa: Amu Darya da Sir Darya. Sai gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta karkatar da ruwansu zuwa gonakin auduga. Auduga ta yi kyau, tafki kuwa ya yi ta janyewa. Ruwan da ya rage ya yi gishiri, kifi ya mutu, masunta suka rasa sana'a. Garin Moinak da can a bakin ruwa yake. Yau ga jiragen kamun kifinsa nan kwance a kan yashi suna tsatsa, iska na kwaso ƙura mai gishiri da guba tana kai wa mutane har cikin huhu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ɓarnar ba rana ɗaya ta zo ba. Shekara da shekaru ruwa na ja da baya a idon kowa.

Da aka nazarci wurin, Kazakistan ta gina madatsar Kok-Aral a 2005. Ruwa ya ƙaru a ɓangaren arewa, kifi ya dawo.

Ƙaramin fili ma yana nuna irin wannan shaida. In ka ga saiwar bishiya a waje, ruwa ne ya kwashe ƙasar da ta rufe ta. In ruwan sama ya gangara ja wur ko baƙi, ƙasar sama ce, mai taki, yake tafiya da ita. Kwazazzabo kuwa daga ɗan tsagi yake farawa, galibi inda aka sare itatuwa ko dabbobi suka cinye ciyawa ƙarƙaf.

Aiki:
1. Rubuta sunayen kogunan nan biyu.
2. Tambayi wani dattijo yadda wani fili yake shekara 30 da suka wuce. Rubuta jimla uku.
3. Kafa turke kusa da kwazazzabo, ka auna tazarar da ke tsakanin turken da bakin kwazazzabon da takun ƙafa. Bayan damina ka sake aunawa, ka rubuta bambancin.